Kular Saigaba

A tashar mota babu wanda ya san sunansa na gaskiya. Saigaba ake ce masa, shi ma yana amsawa, don a wurinsa laƙabi kyauta ne, shi kuwa bai taɓa mayar da kyauta ba.

Sana'arsa gyaran sikeli. Gari-gari yake bi, kasuwa-kasuwa, yana duba ma'aunin mahauta da na masu hatsi da na masu kifi. Sikelin da ya koyi sata ya dawo da shi kan hanya, wanda yake cutar mai shi kuma ya daidaita masa allura. A wannan aiki babu wanda ya taɓa kama shi da ha'inci. Ko nawa za ka ba shi ya karkata maka allura, ba zai karkata ba. Gaskiyar tasa ce dai a bakin kasuwa take tsayawa, ba ta shiga mota.

Ɗan siririn mutum ne mai koɗaɗɗiyar hula, da takalmin da ya sha ɗinki har mai gyaran takalma ya roƙe shi ya bar shi ya huta. Hannun jarirai gare shi, kullum a dunƙule. Idan ya sha shayi sai ya shanya ganyen a taga saboda gobe, goben ma ya sake shanyawa saboda jibi. Amma cikin duk hanyoyin da kuɗi ke bi su bar mutum, babu wadda ya tsana kamar abincin hanya.

"Ƙwai ɗaya a tasha kuɗin uku a gida," in ji shi. "Kazar tasha makaranta ta yi ne?"

To amma ciki bai san tsada ba, tafiyarsa kuma takan cinye wuni. Abin da ya raba gardama tsakanin Saigaba da cikinsa, kula ce.

Wata safiya, tun yana sabon aure, jakar kayan aikinsa ta yage. Duwatsun awo, wato ƙarafan nan masu nauyi da ake gwada sikeli da su, suka zube a tsakar gida. Sayen sabuwar jaka bai ko zo masa a rai ba. Ya shiga kicin ya ɗauko wata kula ta ƙarfe mai hawa uku, cikin kayan da matarsa ta zo da su gidan, ya nannaɗe duwatsun da tsumma don kada su riƙa ƙara, ya jera su hawa-hawa, ya ɗaure marfi.

"Malam, ta abinci ce fa," in ji matar.

Ya ce ai ƙarfe ba ya ɓata ƙarfe.

A mota ranar, wani mai ƙiba da ke kusa da shi ya taya shi ɗaga kular. Ya ji nauyi, ya yi murmushi.

"Kai, malam, an shirya maka! To mu fara da nawa, tunda burodi ne da ƙwai, ba sa jure zafi. Naka sai gaba."

Saigaba ya buɗe baki zai ce ƙarfe ne a ciki. Allah ya gani, ya buɗe. Sai dai kafin maganar ta fito, ƙwan ya riga ya shiga. Mai ƙiban kuma ya sauka tun ba a kai gaban ba.

Daga ranar ya samu sana'a ta biyu, ya kuma ƙware a kanta kamar ta farko. Ba ya shiga mota da gaggawa. Yakan tsaya a ƙofa ya ƙare wa fasinjoji kallo, ya nemi mai jakar da mai ya ɗan ɓata gindinta, ya zauna kusa da shi. Kular kuma ya jingina ta da murfin inji, yadda duk wanda ya taɓa ta zai ji ɗumi. Bai taɓa roƙo ba, roƙo aikin marasa dabara ne. Idan an miƙo masa sai ya ƙi, ƙi mai laushi, irin wanda ke barin ƙofa a buɗe. Idan aka sake miƙowa ya karɓa yana shafa kular, ya ce, "To shi ke nan, mu taimaka wa naku kada ya lalace. Nawa ba ya komai, sai gaba." Kafin gaban ta zo ya sauka, ko da kuwa zai ƙarasa sauran tafiyar da ƙafa.

Amma ƙugiyar gaske a bakinsa take. Da mota ta miƙa hanya, sai ya fara ba da labarin abin da ke cikin kula, kamar ba da niyya ba.

"Ita albasa ba ta soya ta da gaggawa," yakan ce, idonsa a lumshe. "Wuta take ragewa, ta tsaya a kanta har ta yi ja. Sannan ta zuba shinkafar cikin man, ta juya ta sosai kafin ruwa ya taɓa ta. Idan ta sauke, kowace ƙwaya da ƙafarta take tsaye. Kazar kuwa, ƙashin da kansa yake sallamar nama."

Wanda ya ci ya ƙoshi a gida ma sai ka ji ya haɗiyi yawu. Kafin a je ko'ina kowa ya kwance ƙunshinsa yana tura wa Saigaba, don ya kama wuri a cikin kula. Da haka sunan girkin matarsa ya zaga hanyar nan kaf, alhali babu mahalukin da ya taɓa ɗanɗanawa. Wani direba da ake kira Dogo, wanda ya fi kowa ɗaukarsa, shi ya raɗa masa sunan Saigaba. Dogo ya san mutumin marowaci ne, amma ko a mafarki bai taɓa shakkar shinkafar ba. Burinsa a duniya, bayan sabuwar taya, shi ne ranar da za a buɗe kular nan yana kusa.

A gida kuwa baiwar Allah matarsa ba ta san ana yi ba. Ta san dai ƙarfe ne a kula, tunda ita ke wanke tsummokaran. Duk safiyar tafiya takan ce ya bari ta dafa masa abin da zai riƙe, ya ce a'a, mota ba ta son cikakken ciki. Sai ta wuni tana tausayinsa, ta tanadar masa na yamma mai kyau. Shi kuwa ya dawo ciki dam da burodin wannan da dankalin wancan, ya ɗan tsakuri nata, ya ture kwano. Idan ta tambaya, amsar ɗaya ce: "Ba laifi." Yana da hujjarsa. A ganinsa duk mai girkin da aka yaba yau, gobe sai ta ƙara mai. Ko sunanta ma ba ya kashewa, "Kin ji" yake ce mata. Shekara talatin da wani abu tana karɓar "ba laifi", har ta sa wa ranta cewa hannunta ne bai yi masa ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana yi mata ciwo.

Ana nan sai babbar 'yarsu ta haihu a wani gari mai nisa, jikan fari. Matar ta haɗa kaya kamar mai ƙaura: shinkafa, galan ɗin mai, albasa, tumatir, sukari, sabuwar tukunya, da kaji biyu a kwando. Saigaba ya bi kowane ƙunshi da ido, ransa na suya. Shi ma ya ɗauki kularsa, don akwai kasuwa a garin, bai ga dalilin biyan kuɗin mota don ganin jariri kawai ba. Ta ce bari ta dafa na hanya, ya ce a'a, don bakinsa ya saba.

Ya so ƙwarai ya kauce wa motar Dogo. Sai dai Dogo ne kaɗai ke yi masa ragi. Ya tsaya a bakin tasha ya ɗora kunya a hannu ɗaya, ragi a ɗaya, ya auna. Ragi ya rinjaya.

"Saigaba!" Dogo ya ƙwala masa kira daga saman mota inda yake ɗaure kaya. Sai ya hango matar da ke biye da shi, ya saki igiya ya diro. "Kai, kai, kai! Kada dai ka ce mini ita ce?"

"Iyalina ce," in ji Saigaba ƙasa-ƙasa. "Mu shiga, rana na yi."

Dogo ya rusuna har ƙasa. "Mama, ina kwana? Yau Allah ya nuna mini ke. Jama'a, ku zo ku ga mai shinkafar!"

"Wace shinkafa?" matar ta tambaya.

Wani irin tari ya sarƙe Saigaba, bai sake shi ba sai da suka zauna. Kujerarsu ta bayan direba ce. Hannunsa, ba tare da ya shawarce shi ba, ya jingina kular da murfin inji. Matar ta ga wannan.

Ya yi alkawari a ransa cewa yau kam ba zai buɗe baki ba. Amma suna fita gari Dogo ya ɗaga murya yana kallonsu ta madubi.

"Saigaba, faɗa musu zancen albasar nan."

"Maƙogwarona ba daɗi yau."

"Haba malam, kada ka yi mana rowar labarin ma," in ji wata mai sayar da yadi da ke bayansu, mace mai jiki da murya. "Ni na sha jin labarin kular nan a bakin mutane. Ashe yau da rabona."

Babu hanyar gudu. Ya fara a taƙaice, yana cin rabin kalmomin. Sai dai harshe ya san hanyarsa. Kafin ya farga idonsa ya lumshe, albasa ta yi ja, shinkafa ta tsaya da ƙafarta. Har abin da bai saba faɗa ba ya fito: yadda take ɗiga romo a bayan hannu ta ɗanɗana gishiri, yadda idan girki ya karɓa takan yi 'yar waƙa a hanci ba ta san tana yi ba, yadda take sauke tukunya ta rufa mata tsumma ta ce a bar ta ta huce fushi. Motar ta yi tsit, sai kukan kaji a sama.

Da ya buɗe ido sai ya ga matarsa ta daina kallon taga, shi take kallo. Ya san shirunta kala-kala, na gajiya da na fushi da na jiran yara su fita, amma wannan bai san shi ba. Ya sha jinin jikinsa.

Da aka tsaya shan mai, 'yan talla suka yanyame motar, babu wanda ya sayi komai. Wa zai ɓata cikinsa ga shinkafa a gaba? Kowa dai ya kwance ɗan abin da ya riƙo, aka yi ta miƙowa kujerar bayan direba. Matar ta ce ta gode, ta ƙoshi. Wani dattijo mai farin gemu da ke gefen Saigaba ya buɗe 'yar takarda, burodi ne da dafaffen ƙwai, ya tura masa gaba ɗaya.

"Ci, ɗana. Ni zan jira na gaba, kada in cika wurin."

"A'a, Baba, ka bar abinka," in ji Saigaba, kuma karon farko a rayuwarsa da gaske yake ƙi.

"Haba, ci mana."

Nan ma hannun ya riga shi. Yana cikin tauna ya ji an taka masa ƙafa, taku mai nauyi, daidai inda takalmin ya fi ɗinki. Ya haɗiye da ƙyar. Yau ga shi ba damar sauka kafin gaba, ga mata, ga kaji, ga tukunya.

Rana ta take tsaka suna wani fili fetal, babu gari babu ƙauye, sai ƙaya da wata bishiya guda, sai motar ta yi wata ƙara ta fara hayaƙi. Dogo ya gangara gefe, ya buɗe inji, ya fito da wani baƙin bel a tsinke. Ya kira makaniki a waya, ya dawo yana sosa ƙeya. Sai yamma, in ji shi, in an yi sa'a.

Aka taru a ƙarƙashin bishiyar ana fifita. Saigaba ya koma can gefe ya zauna a kan kularsa, yana addu'ar Allah ya mantar da bayinsa. Da farko kamar an karɓa. Sai mai yadi ta yi salati.

"Baba, lafiya? Jama'a, ku dubi bawan Allahn nan!"

Dattijon ne. Zufa ta jiƙa masa riga, hannunsa na karkarwa.

"Ciwon suga gare ni," ya ce a hankali. "Na sha maganina tun ɗazu, don na san akwai shinkafa a gaba. Idan na sa wani abu a ciki zai lafa."

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Dogo ya goge hannu a wando, ya tako har inda Saigaba yake, fuskarsa ba wasa.

"To, Saigaba. Ga gaban nan mun iso."

Saigaba ya dubi gabas, ya dubi yamma, babu ko kare a hanyar. Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya dubi dattijon da ƙwansa ke cikin cikinsa. Ya tashi daga kan kular, ya kwance marfi. Mutane suka matso, wani har ya wanke hannu. Dogo ya ɗaga tsumman farko da ladabi, ya ci karo da baƙin ƙarfe mai rubutun kilo biyu. Ya ɗaga hawa na biyu, ƙarfe. Ya ɗaga na uku a hankali, don har lokacin bai fid da rai ba. Ƙarfe ne da sukundireba.

Dogo ya tsaya riƙe da kilo biyu kamar an aiko masa da rasuwa.

Matar ce ta fara motsi. Ta kwance ƙunshin sukari, ta dama a kofi da ruwa, ta riƙe wa dattijon har ya shanye. Sannan ta juyo, muryarta a daidai.

"Ku yi haƙuri, laifina ne. Kula biyu ce a gidan iri ɗaya, ni na miƙa masa wadda ba ita ba."

Saigaba ya ji iska ta dawo masa. Ga ƙofa an buɗe, kyauta kuma. Abin da ya rage masa kawai ya girgiza kai ya ce ai mata sai a hankali, shi ke nan ya tsira. Har ya fara girgiza kan.

"Kula biyu!" in ji mai yadi, ta riƙe ƙugu. "Ke kuwa baiwar Allah, ba ki san nauyin ƙarfe da na shinkafa ba? Kin kusa kashe mana dattijo. Ni fa na fara zargi. Shekara da shekaru ana labari, babu wanda ya taɓa ci. Ko dai ba ki iya ba ne, mijin yake ta rufa miki asiri a hanya?"

Wasu suka yi dariya. Matar ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Abin da ya soki Saigaba shi ne, bai ga alamar mamaki a fuskarta ba. Kamar an faɗi abin da ta daɗe da sani.

An sha ce masa marowaci, an ce masa mai maƙo, an ce masa ci-ma-zaune, duk bai taɓa hana shi barci ba. Wannan kuwa bai iya haɗiye ta ba. Ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba.

"Ƙarya ne! Kula ɗaya ce a gidana, kuma tun da nake shiga mota ƙarfe ne a cikinta. Ba ta san komai ba. Ni ne nake cin na mutane in sauka. Dogo, na ci naka. Baba, na ci naka. Ku kira ni duk sunan da kuka ga dama. Amma wallahi ban taɓa ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan girkin matar nan ba. Ni mai sikeli ne, na san awo. Duk hanyar nan babu abincin wanda ban ci ba, kuma babu mai kama ƙafarta!"

"To ai sai mu gani a ƙasa," in ji mai yadi, amma muryarta ta ragu.

Matar ta ɗago ta dube shi, ta dubi mai yadi. Sai ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"Direba, sauko mini da tukunya da kwandon nan. Ku maza, a samo ƙirare. Wanda ke da ruwa ya kawo."

Ba wanda ya yi musu. Ta tona ɗan rami, ta nemi duwatsun da za ta ɗora tukunya, filin kuwa yashi ne zalla. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki manyan duwatsun awo uku ta kafa a bakin ramin.

"Kin ji," in ji Saigaba a firgice, "idan suka sha wuta fa sun daina faɗin gaskiya."

"Ai sun daɗe suna ƙarya, Malam," ta ce, ta ƙyasta ashana.

Dogo ya riƙo kaza ɗaya yana tambaya ko ta isa. Saigaba ya ji bakinsa ya ce a yanka duka biyun. Yana faɗa ya yi nadama, ya ji kamar an cire masa haƙori ba allura, amma magana ta riga ta fita, Dogo kuma bai ba shi damar gyara ta ba.

Ta rage wuta, ta tsaya a kan albasar har ta yi ja. Ta zuba shinkafa cikin man ta juya. Fasinjoji suka kewaye ta suna bin kowane mataki da kai, don duk sun haddace. Da ta ɗiga romo a bayan hannu, Dogo ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya ce, "Ka gani? Gishirin ke nan." Da ta fara 'yar waƙar a hanci, sai ta tuna an tona ta, ta yi shiru. Can kuma ta manta ta ci gaba da abinta.

A hawa-hawan kular aka zuba, da marfinta, da marfin tukunya. Ranar ce kular ta fara ganin abinci tun tana sabuwa. Dattijon aka fara ba, ya ci, zufar ta tsaya, ya yi ta sa albarka. Mai yadi ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce, "Yaya, ki yafe mini, bakina ne ba linzami." Dogo ya cinye nasa tas, ya suɗe yatsu.

"Saigaba," ya ce, "ashe har a yabon ma rowa ka yi mana. Ko rabi ba ka faɗa ba."

Shi Saigaba ba a ba shi ba, bai kuma tambaya ba. Yana tsugune yana kallon duwatsunsa sun yi baƙi ƙirin. Da mutane suka baje a inuwa, sai ya hango ta can bayan mota, a zaune a kan buhun shinkafa, hawan kula na ƙasa a cinyarta a rufe. Ya je ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Kin ji..."

"Ina ji." Ba ta ɗago ba. "Da ka dawo kana ture mini kwano, ashe a ƙoshe kake?"

"A ƙoshe nake."

"Ni kuwa ina ta canza hannu. In rage gishiri, in ƙara, in tambayi maƙwabta yadda suke yi. Na ɗauka ba ka so ne." Ta ɗago ta dube shi. "Direbobi sun sani, masu yadi sun sani, duk wanda ya taɓa shiga mota ya sani. Ni da nake tsaye a kan wutar, sai yau na ji, shi ma a bakin hanya, don a ba ka ƙwai."

Kunya irin wadda bai ji ba lokacin da aka buɗe kula, yanzu ta rufe shi.

Ta buɗe marfin. Cinyar kaza ce a sama, wadda ya fi so, ta ɓoye masa ita duk da komai. Ƙamshin ya daki hancinsa.

"Faɗa mini," ta ce. "Ni. Ba mota ba."

Mutumin da ke iya riƙe mota guda da labarin albasa ya nemi bakinsa ya rasa. "Ba lai..." ya fara, ya kama kansa. Ya share zufa. Ya tsuguna a gabanta, ya kafa ido a kan yashi.

"Idan na dawo daga tafiya," ya ce da ƙyar, "tun daga bakin layi nake gane hayaƙin gidanmu. Ko a ƙoshe nake, sai na rage sauri don in daɗe ina shaƙa."

Ta ce, "Ci gaba."

Ya yi hamdala ya kai hannu kan cinyar kazar. Ta janye kular.

"Maganar nake nufi, Malam. Abincin sai gaba."

Ya mayar da hannunsa kan gwiwa, ya ci gaba. Ya faɗi na ranar da ta fara yi masa girki ta ƙona yatsa ta ɓoye, ya faɗi na shekarar da babu nama ta yi dabara da dankali yara ba su gane ba, shi ya gane. Yana yi yana tuntuɓe, babu lumshe ido, babu gwaninta. Ta kawar da kai tana goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin ƙiraren nan ne. Wutar kuwa ta daɗe da mutuwa.

Har makaniki ya zo ya ɗaura bel, Dogo ya yi ta danna ham, shinkafar ta huce a cinyarta, Saigaba bai gama ba, ita kuma ba ta ce ya isa ba.